Sayam Forage: Daga ina mai son rubuta littafin kiwon lafiya zai fara?

A ƙarshen watan Disamban 2014 ne gwamnatin Nijar da Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka fi sani da HCR a Nijar, suka buɗe sansanin Sayam Forage a ƙaramar hukumar Chetimari, mai nisan sama da kilomita 40 daga birnin Diffa. Makonni kaɗan kafin nan, ranar 24 ga Nuwamba, mayaƙan Boko Haram sun afka wa garin Damasak na Jihar Borno, dubban mutane suka tsallaka kogin Komadugu da abin da hannu zai iya ɗauka.

An kafa sansanin ne da tunanin zaman wucin gadi. Yau mazauna cikinsa sun haura 30,000 bisa alƙaluman HCR na 'yan shekarun nan, kuma yaron da ya iso yana da shekara takwas ya riga ya zama saurayi. Wasu daga cikin irin waɗannan yara sun yi karatu a makarantun Nijar da Faransanci, wasu sun ci gaba da manhajar Najeriya da Turanci, wasu kuma allo kaɗai suka riƙe.

A tsawon waɗannan shekaru, akasarin ilimin kiwon lafiya da ya shiga sansanin da ƙauyukan bakin Komadugu ya shiga ne ta bakin ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da 'yan sa-kai masu bi gida-gida da kwalin hotuna. Aiki ne da ya ceci rayuka, sai dai yana tafiya da ƙafar masu shi. A watan Nuwamban 2024 hukumomin Nijar sun janye izinin aiki na ƙungiyar Acted ta Faransa da ta APBE ta cikin gida. A watan Fabrairun 2025 aka umarci ƙungiyar agaji ta ICRC da ta bar ƙasar, a daidai lokacin da Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take bayarwa ta hannun USAID. Idan ma'aikaci ya tafi, abin da ke kansa ya tafi da shi. Littafi kuwa yana zama a cikin akwati, a ɗauko shi da tsakar dare lokacin da yaro ke gudawa kuma asibiti ya yi nisa.

Shi ya sa tambayar ta dace da duk matashin da ya yi karatun jinya ko koyarwa ko horar da 'yan wasa, yana sansanin ne ko yana Yamai, Kano, Agadas ko Turai, kuma yana jin ƙaiƙayin rubuta wa mutanensa littafin lafiya da motsa jiki: da me ake farawa?

Malamin makarantar da ya fara da 'yan takardu

Littafin lafiyar karkara da ya fi kowanne yaɗuwa a duniya ba likita ne ya rubuta shi ba. David Werner malamin kimiyyar halittu ne Ba'amurke da ya shafe shekaru tun daga tsakiyar shekarun 1960 yana aiki da manoma a tsaunukan yammacin Meksiko, inda babu likita ko hanyar mota. Ya fara ne da rubuta gajerun bayanai kan yadda ake shan magungunan da aka kawo, yana haɗawa da zanen hannunsa. Daga nan aka samu littafin Donde No Hay Doctor da harshen Sifaniyanci a 1973, wato inda babu likita. Na Turanci ya fito a 1977, kuma an fassara shi zuwa harsuna sama da 80. Ƙungiyar Enda da ke Dakar ta fitar da na Faransanci wanda aka daidaita da yanayin Afirka. Mawallafansa, Hesperian, sun ba da damar a kwafa ko a daidaita shi muddin ba don neman riba ba ne, abin da zai rage wa sabon marubuci rabin wahala.

Abin lura a tarihin littafin shi ne tambayoyin mutane ne suka haife shi. Marubucin ya zauna da masu karatunsa kafin ya zauna da alƙalami.

A ƙasar Hausa ma an taɓa bin wannan hanya. A shekarun 1950, lokacin gangamin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha kan tsabta, noma da kiwon lafiya don manyan da suka koyi karatu. A 1989 kuma UNICEF da WHO da UNESCO suka fitar da Facts for Life, wanda ake kira Savoir pour Sauver a ƙasashen da ke amfani da Faransanci.

Wane harshe, wane rubutu?

Wannan ita ce matsalar farko, kuma a Diffa ta fi ko'ina tsauri. Mafi yawan mutanen kwarin Komadugu Barebari ne, Mobar da Manga, ga Fulani, Buduma, Larabawa, Tubawa da Hausawa. Hausa ce harshen kasuwa da tasha, kuma kundin da gwamnatin mulkin soja ta ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana ta a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Amma iya cinikin tattasai da Hausa daban, gane bayanin magani da ita daban.

Akwai binciken da ya kamata duk mai wannan niyya ya sani. A 2017 ƙungiyar Translators without Borders ta gwada fahimtar mutane a sansanoni biyar na Maiduguri, mutanen da da yawansu 'yan uwan na Sayam ne ta harshe da asali. Kashi 23 cikin ɗari ne kawai suka iya amsa tambaya mai sauƙi bayan an ba su gajeren rubutu da Hausa ko Barbarci. Da aka haɗa rubutun da zane, adadin ya tashi zuwa kashi 37. Saƙon murya ne ya fi shiga, musamman ga matan da ba su yi boko ba.

Ma'anar wannan ga marubuci a fili take. Littafin da zai yi aiki a Sayam wanda za a karanta wa wani ne da ƙarfi: ɗalibi ya karanta wa mahaifiyarsa, ɗan sa-kai ya karanta wa mata a gindin bishiya. Don haka kowace jimla sai an gwada ta da baki. Wadda mai karatu zai yi numfashi sau biyu kafin ya kai ƙarshenta, a raba ta. Sannan akwai ajami. Borno ƙasar tsangaya ce tun ƙarnoni, kuma dattijo da ba ya iya haɗa baƙaƙen boko yakan karanta rubutun Larabci ba tare da tuntuɓe ba. Ko da kanun babi da gargaɗin haɗari kaɗai aka rubuta da ajami, an buɗe wa gidaje da yawa ƙofa.

Har a bokon ma akwai ɗan bambanci. Ƙa'idar rubutun Nijar ta 1999 tana amfani da harafin ƴ inda Najeriya ta saba da 'y. Ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne, a zaɓi ɗaya a tsaya a kai.

Kalmar da ke ɗauke da cuta uku

Aikin da ya fi cin lokaci, wanda kuma marubuta suka fi tsallakewa, shi ne na kalmomi. Idan Bahaushe ya ce yana da "shawara", yana iya nufin idonsa ya yi ɗorawa, ko jikinsa ya mutu, ko fitsarinsa ya canja launi. "Basir" yakan ɗauki kusan duk abin da ya shafi ciki da bayan gida. "Sanyi" a bakin mata ya haɗa cututtuka da dama da magungunansu ba ɗaya ba ne. "Zazzaɓi" kuwa an riga an mayar da shi sunan cutar cizon sauro, alhali kuwa alama ce da ƙyanda da sanƙarau da taifod duk suke zuwa da ita.

Jihar Diffa ta ga abin da irin wannan ruɗani ke jawowa. A watan Afrilun 2017 Ma'aikatar Lafiya ta Nijar ta tabbatar da ɓarkewar ciwon hanta nau'in E a jihar, cutar da ke yaɗuwa ta ruwan da ƙazanta ta gurɓata. Galibin waɗanda suka fara mutuwa mata ne masu juna biyu. A cewar WHO, cutar na iya kashe kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na matan da ta kama a watanni ukun ƙarshe na ciki. Ga mai kallo daga gida, abin da ya gani "shawara" ce, wadda aka saba jiƙa mata saiwa a sha. Littafin da ya rubuta "ciwon hanta nau'in E" kawai bai taimaki wannan iyali ba. Wanda ya rubuta cewa mace mai ciki idan farin idonta ya koma rawaya a kai ta asibiti a ranar, ko da ta ce da sauƙi, shi ne ya yi magana da su.

Don haka matakin farko na gaskiya littafin rubutu ne na ɗalibai da biro. A zauna da ungozoma, da malamin jinya na cibiyar lafiya, da mai sayar da magani a tebur, da wanzami, a rubuta sunan da kowa ke kiran kowace cuta da Hausa da Barbarci da Fulatanci, da abin da ake fara yi a gida kafin a nemi asibiti. Mako huɗu na wannan aiki zai fitar da jerin babi da ya fi wanda za a kwafo daga intanet.

A nan ne kuma batun amana ke shigowa. Sansani ƙaramin gari ne, kowa ya san kowa. Labarin wata mata da ta yi ɓari, ko wani saurayi da ƙwaya ta taɓa, ko an sauya suna maƙwabta za su gane. Ba a ɗaukar labarin mutum ko hotonsa sai da yardarsa, kuma wanda ya gudo daga yaƙi yana da dalilin da ya fi na kowa na ƙin a bayyana shi.

Cokali nawa, a cikin wace roba?

Kuskure a littafin soyayya dariya yake jawowa. A littafin lafiya yana iya kai yaro kabari. Misali mafi sauƙi shi ne ruwan gishiri da sukari na mai gudawa. Inda babu ƙunshin ORS na asibiti, awon da aka sani shi ne lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi shida na sukari a shafe, da rabin cokali na gishiri. A takarda babu wuya. A gidan da babu cokalin shayi sai ludayi da babban cokalin ƙarfe fa? Kuma mece ce lita? Robar ruwan da ta fi yawo ta lita ɗaya da rabi ce, ledar fiya-wata kuma galibi rabin lita. Idan aka zuba gishirin lita guda a rabin lita, an haɗa wa jariri abin da zai ƙara masa ciwo. Dole marubuci ya shiga gidaje ya ga kwanuka da kofunan da ake amfani da su, ya zana su daidai girmansu a shafi, ya kuma rubuta cewa ƙunshin asibiti tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14 shi ne gaba.

Nijar na da nata misalin da ke nuna cewa uwa na iya riƙe awo idan an sauƙaƙa mata shi. A gundumar Mirriah ta Jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da ɗan tef mai launi uku don gano tamowa: ja ƙasa da milimita 115, rawaya daga 115 zuwa 125, kore sama da haka. Sakamakon ya nuna iyayen ba su gaza ma'aikatan sa-kai ba, kuma dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da dama. Launi uku sun yi aikin da shafi goma na bayani ba zai yi ba.

Wani abin da sabon marubuci kan manta shi ne ilimin lafiya na tsufa. An daina dogara da kulorokwin wajen maganin zazzaɓin cizon sauro tun tsakiyar shekarun 2000. A 2012 WHO ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi kowane wata a lokacin damina. A 2016 ta ɗaga yawan zuwa awon ciki daga huɗu zuwa takwas. A watan Satumban 2024 Nijar ta fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga Gaya. Wanda ya kwafo daga tsohon littafin makaranta zai koyar da abin da aka bari. Kowane babi sai ma'aikacin lafiya mai lasisi ya duba shi, ya daidaita shi da ƙa'idojin Ma'aikatar Lafiya ta Nijar, a kuma buga shekarar a bangon littafin da manyan lambobi.

Motsa jiki ga wadda ta wuni tana daka

A ɓangaren motsa jiki ne aka fi yin kwafe ido rufe. Shafukan Instagram da TikTok cike suke da shawarwarin rage tumbi, ɗaga ƙarfe da cin ƙwai shida da safe. An yi su ne don mai zaman ofis da firiji. A Sayam, matar da ta ɗauko jarkar ruwa mai lita 20, wato kilo 20, ta yi daka, ta yi itace, ta riga ta wuce minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako da WHO ta shawarci manya a ƙa'idojinta na 2020, domin ƙa'idar ta ƙirga aikin gida da na gona. Abin da take buƙata a littafi shi ne yadda za ta ɗaga kaya ba tare da ta lalata bayanta ba, yaushe mai ciki za ta rage nauyi, da abin da za ta ci ya mayar mata da ƙarfi daga gero, wake, zogale, kuka, ƙuli-ƙuli da bandar kifi.

Samari ne ke da matsalar zama. Dokar ta-ɓacin da aka kafa a jihar bayan harin Diffa da Bosso na ranar 6 ga Fabrairun 2015 ta zo da hana hawa babur, da takunkumi kan cinikin jan tattasai da kamun kifi a Tafkin Chadi. An sassauta na tattasai a 2017, na kifi a 2019, amma shekarun sun bar matasa da yawa a majalisar shayi, wasu kuma a hannun tiramol. Babin da zai ja hankalinsu ba sai ya aro komai daga waje ba. Diffa ce ta karɓi gasar Takobin Ƙasa ta kokawa a ƙarshen 2022, inda Issaka Issaka na Dosso ya ɗauki takobi, gasar da ake yi tun 1975. Atisayen 'yan kokawa, gudu cikin rairayi, langa da ƙwallon ƙafa sun ishi tsarin mako guda. Sai a ƙara da abin da masu bidiyon Turai ba su sani ba: a watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, don haka lokacin atisaye bayan Asuba ne ko gab da Magariba, da bayanin alamomin bugun zafi da yadda za a yi cikin azumi.

Ga dattawa kuma maganar hawan jini ce da sukari. WHO ta ce kada gishirin da babba ke ci a yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma ɗanɗanon miya na kanti ma gishiri ne. Shayin majalisa zagaye uku, kowanne da tulin sukarinsa, shi ma yana buƙatar shafi guda, ko da masu karatu za su ɓata rai.

Akwai al'adun da sai an bi su da lalama. Ƙasar Manga, wajen Maine-Soroa, ta shahara da kanwa da gishirin mangul tun zamanin fatake. A shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun danganta yawan ciwon zuciya bayan haihuwa da shan kunun kanwa mai yawa da kwanciya kan gadon da aka hura wa wuta a lokacin jego. Marubucin da ya kira wannan jahilci ya rasa kaka, kuma kaka ce ke yanke hukunci a ɗakin mai jego. Wanda ya yaba kulawar kwana arba'in ɗin, sannan ya nuna inda za a rage kanwa da alamun da ke nuna zuciya ta gaji, irin su kumburin ƙafa da haki idan an kwanta, shi za a saurara.

Babi ɗaya tukuna

Masu fara rubutu sukan so su gama shafi ɗari biyu kafin kowa ya gani. Ga littafi irin wannan, ya fi kyau a rubuta babi ɗaya mai shafi huɗu zuwa shida, a buga kwafi ashirin a shagon kwamfuta na Diffa, a karanta wa mutum goma da ba su san marubucin ba, sannan a tambaye su abin da za su yi idan abin ya faru a gidansu. Inda amsarsu ta kauce, nan rubutun ya gaza. A nuna musu zanen ma ba tare da an yi bayani ba, domin hoton sauro da aka girmama ya cika shafi yakan sa mai kallo ya ce su ba su da irin wannan ƙwaro a garinsu.

Batun bugawa ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. Marubutan adabin kasuwar Kano sun nuna tun shekarun 1980 cewa ana iya buga littafi mai araha ba tare da jiran babban kamfani ba. Lambar ISBN a Najeriya daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, a Nijar kuma hukumar BNDA da ke Yamai ce ke rajistar haƙƙin mallaka. Kowane babi ana iya naɗar shi da murya cikin minti biyar, da Hausa da Barbarci, a tura ta WhatsApp ko a zuba a katin waya, a kuma miƙa wa tashoshi irin su Anfani ta Diffa ko Ndarason mai watsa shirye-shirye da Barbarci a yankin Tafkin Chadi. 'Yan uwa da ke ƙasashen waje, waɗanda suka saba aiko da kuɗin magani bayan ciwo ya kama, a nan gudunmawarsu za ta fi tasiri: kuɗin mai zane, na ma'aikacin lafiyar da zai duba, da na takarda.

Wane babi za a fara da shi, kalandar yankin ta riga ta ba da amsa. Damina kan kankama a watan Yuli da zazzaɓin cizon sauro da gudawa, Komadugu kuma kan cika ya yi ambaliya wajen Oktoba, kamar yadda ya yi a 2019 da 2022, ya gurɓata rijiyoyi. Wanda ya fara tattara kalmomi a watan Janairu, ya gwada babinsa cikin bazara, zai iya sa shi a hannun masu karatu kafin ruwan farko ya sauka.